BINDIGAR KALASHNIKOV: ƘIRARTA, IRE-IRENTA DA YADDA TA BAZU A DUNIYA



 Na san akwai wanda zai ce, me ya haɗa ɗalibin jami'a ko ma'aikacin ofis da zancen ƙirar bindiga? Ashe ba aikin soja ba ne? Ina fata kafin mu tashi daga nan amsar za ta fito fili.

Bari in fara da abin da duk muka karanta a tarihi. A shekarar 1903, sa'ad da rundunar Ingila ta ci Kano sa'an nan ta wuce Sakkwato, abin da ya karya dawakin kakanninmu ba ƙarancin jaruntaka ba ne. Bindigar Maxim ce, wadda mutanenmu suka raɗa wa suna bindiga mai ruwa, saboda da ruwa ake sanyaya ta. Wannan bindiga tana da nauyi da tsada, sai an haɗu mutum da yawa kafin a ɗauke ta a girka ta, don haka ba mai iya mallakarta sai daula. Yau kuwa saurayi guda, a kan babur, yana rataye da makamin da saurin zubar da harsashinsa bai gaza na waccan ba. Yadda aka yi wannan ƙarfi ya sauko daga hannun dauloli zuwa kafaɗar mutum ɗaya, shi ne labarin bindigar Kalashnikov, wadda aka fi sani da AK-47.

Zan yi magana a kan abubuwa uku: yadda aka ƙera ta, ire-iren da suka fito daga gare ta, da hanyoyin da ta bi ta fita daga ƙasar da aka haife ta. Abin da nake so in tabbatar kuwa ɗaya ne, watau bindiga ta fi gwamnatin da ta saye ta tsawon rai, kuma ta fi manufar da aka ba da ita dominta daɗewa.

Matsalar da aka so warwarewa

Sojan ƙasa a farkon Yaƙin Duniya na Biyu yana da zaɓi biyu. Na farko doguwar bindiga irin Mosin ta Rasha, wadda aka fara aiki da ita tun 1891. Tana cin nisa ƙwarai, amma bayan kowane harbi sai soja ya ja sakata da hannu ya ɗora wani harsashi. Na biyu gajeriyar bindiga mai sarrafa kanta, irin PPSh-41, wadda ke ɓarin wuta amma da ƙaramin harsashi irin na fistol, wanda ƙarfinsa ke karyewa tun bai yi nisa ba.

Hafsoshin Jamus suka lura cewa yawancin artabu ana yin sa ne a tazarar da ba ta wuce mita 300 zuwa 400 ba. Ke nan harsashin doguwar bindiga ya yi ƙarfi fiye da bukata, na fistol kuwa ya gaza. Sai suka fito da harsashi matsakaici, suka yi masa bindiga, wadda daga baya aka sa wa suna Sturmgewehr 44, ma'ana bindigar kai farmaki. Daga nan wannan jinsi na makami ya samo sunansa. Sojojin Tarayyar Sobiyet sun kama irin waɗannan bindigogi a fagen fama, suka ga amfaninsu, kuma a 1943 suka tsara nasu matsakaicin harsashin, mai kaurin milimita 7.62, wanda daga baya aka tsayar da tsawon kwansonsa a milimita 39.

A lura da wannan da kyau: harsashi aka fara yi, sa'an nan aka shiga neman bindigar da za ta ci shi. Zan komo kan muhimmancin harsashi a ƙarshen jawabina.

Maƙerin da gasar

An haifi Mikhail Kalashnikov a 1919, a ƙauyen Kurya na yankin Altai. Iyayensa manoma ne, kuma a 1930 gwamnatin Stalin ta lissafa su cikin manoma masu hali, ta ƙwace abin da suka mallaka, ta kore su zuwa cikin Siberiya. Bai yi karatun injiniya ba. Ya yi aiki a hukumar jirgin ƙasa, aka ɗauke shi soja a 1938, ya zama saje mai jagorantar tankar yaƙi. A watan Oktoba na 1941 aka ji masa mummunan rauni a yaƙin Bryansk, kuma a lokacin jinya ne ya fara tunanin ƙera bindiga. Ta farkon da ya yi a wata ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa a Kazakistan ba a karɓe ta ba, amma ta sa manya suka gane akwai basira a tattare da shi, suka tura shi inda ake gwajin makamai.

Bayan yaƙi, a 1946 da 1947, hukumar sojan Sobiyet ta shirya gasa tsakanin maƙeranta. A nan ya kamata mu yi hattara da labarin da farfaganda ta yaɗa, na cewa saje guda ne ya zauna shi kaɗai ya ƙago makamin. Gaskiyar magana ita ce aikin gayya ne. A garin Kovrov ya yi aiki da wani injiniya mai suna Aleksandr Zaitsev, suka sake fasalin bindigar kusan gaba ɗaya a tsakiyar gasar, kuma sun amfana da dabarun abokan takararsu irin su Bulkin, har da wasu da aka riga aka gani a bindigar Garand ta Amurka. A tsarin Sobiyet wannan ba sata ba ne, gama duk wata dabara ta gwamnati ce. Akwai kuma masu cewa kwafin ta Jamus ce kawai. Sun yi kama a ido, kuma manufarsu ɗaya, amma yadda sakatarsu ke kullewa da yadda ake warware su sun bambanta.

A gwajin ƙarshe ba ita ce ta fi saiti ba. Inda ta yi fice shi ne, an zuba mata yashi, an tsoma ta a ruwa, an ja ta cikin taɓo, ta ci gaba da harbi. Alƙalan gasar suka zaɓi wadda ba ta cijewa a kan wadda ta fi saiti. Aka fara ƙera ta a garin Izhevsk a 1948, rundunar soja ta karɓe ta a 1949. Haruffan AK na nufin bindiga mai sarrafa kanta ta Kalashnikov, 47 kuwa shekarar da aka kammala samfurinta.

Ƙirar

Yadda take aiki ba shi da wuyar ganewa, musamman ga wanda ya taɓa ganin bakanike ya buɗe injin babur. Idan albarushi ya kama, iska mai zafi ta tura harsashi cikin bututu. Kusa da baki akwai wata 'yar ƙofa da ke karkatar da kaɗan daga iskar zuwa wani bututu na sama, inda ta bugi fistin. Fistin ɗin a haɗe yake da wani dunƙulen ƙarfe mai ɗauke da sakata. Da ya ja baya, sakata ta juya ta buɗe, ta fizgo kwanson da aka harba ta yar. Sa'an nan sifirin ya maido da kome gaba, sakata ta ɗauki sabon harsashi ta kulle. Ana maimaita wannan kimanin sau 600 a minti guda. Gidan harsashinta na cin guda 30, kuma lanƙwasar da aka san shi da ita ba ado ba ce: kwanson harsashin ya fi kauri a gindi, don haka idan aka jera su sai layin ya tanƙware da kansa. Harsashin yana fita da gudun mita 700 da 'yan kai a daƙiƙa, kuma amfaninta na gaske yana cikin tazarar mita 300 ko sama da haka kaɗan.

Dabarun da suka sa ta yi suna guda huɗu ne. Na ɗaya, an bar sarari tsakanin sassan da ke motsi, ta yadda ƙura da dattin albarushi za su sami wurin faɗawa ba tare da sun riƙe su ba. Na biyu, sassan masu motsi suna da nauyi, kuma iskar da ke tura su ta fi abin da ake bukata, saboda haka suna ture duk abin da ya tare musu hanya. Na uku, an shafe cikin bututun da ƙarfen kurom don kada ya yi tsatsa. Na huɗu, sassanta kaɗan ne kuma manya, ana warware su ba tare da kayan aiki ba, ko da hannu yana cikin safar sanyi.

Kowace dabara tana da farashinta. Motsin ƙarfe mai nauyi yana girgiza bindigar, shi ya sa a nesa ba ta kai takwarorinta na Yammacin Turai saiti ba. Amma waɗanda suka yi odarta sun san abin da suke so. Suna da runduna ta miliyoyin samari da ake ɗauka dole, daga ƙabilu masu harsuna dabam-dabam, da yawansu daga karkara, kuma ana so a koya musu makami cikin ɗan lokaci. Sun kuma ga yadda yaƙi ya ci masana'antunsu, don haka suna son abin da za a iya yi da yawa, da arha.

Yaƙin Biyetnam ya nuna bambancin. Bindigar M16 ta Amurka ta fi sauƙin ɗauka kuma ta fi saiti, amma a shekarun farko ta yi ta cijewa a hannun sojoji a daji, har wani kwamitin majalisar dokokin Amurka ya yi bincike a 1967, ya gano cewa an canza irin albarushin, ba a shafe mazaunin harsashi da kurom ba, kuma ba a wadata sojoji da kayan gogewa ba. An gyara waɗannan daga baya, amma sunan Kalashnikov ya riga ya kafu.

A nan ne kuma masifar take. Abin da ya sa ta dace da sabon kurtu, shi ne ya sa ta dace da ɗan fashi, da ɗan tawaye, da yaron da aka sato daga ƙauye aka tilasta masa yaƙi. Makamin da ba ya bukatar makaranta ko ma'aikatar gyara, ba ya bukatar gwamnati a bayansa.

Ire-irenta

Yawancin abin da jama'a ke kira AK-47 a yau ba ita ba ce. Samfurin farko an yi gangar jikinsa ne da fallen ƙarfe da ake lanƙwasawa a inji, amma masana'antun Sobiyet na lokacin ba su ƙware ba, ana ta zubar da waɗanda suka lalace. Daga 1951 sai aka koma sassaƙa gangar daga dunƙulen ƙarfe, wanda ya fi ƙarfi amma ya fi nauyi da tsada da cin lokaci. Sai a 1959 aka shawo kan matsalar, aka fito da AKM, wadda ta sauko daga kusan kilo 4 zuwa kilo 3 da ɗan ɗoriya. Ita da kwafe-kwafenta su ne suka cika duniya. Kowane samfuri yana da mai gindi na katako da mai gindin ƙarfe da ake naɗewa, wanda aka yi don sojojin laima da na cikin motocin sulke. An kuma tsawaita bututun aka ƙara masa ƙafafu biyu, ya zama RPK.

A 1974, bayan sun ga abin da ƙaramin harsashin Amurka ya yi a Biyetnam, Sobiyet suka koma ga harsashi mai milimita 5.45, suka fito da AK-74. Harsashinta ya fi sauri, kimanin mita 900 a daƙiƙa, ba ya tura kafaɗa sosai, kuma soja na iya ɗaukar da yawa. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet aka yi jerin da ake kira AK-100 musamman don kasuwa: AK-103 tana cin tsohon harsashi, AK-101 kuwa tana cin na ƙungiyar NATO, watau na tsofaffin abokan gaba. A 2018 rundunar Rasha ta karɓi AK-12.

Waɗannan su ne 'ya'yan cikin gida. Na waje sun fi yawa. Sin ta fara ƙera tata a 1956, ta kira ta Samfurin 56, kuma da yawansu ana gane su da banatin da ke liƙe ƙarƙashin baki. Ta Romaniya an san ta da mariƙin katako a gaba. Jamus ta Gabas, Foland, Hangare, Bulgeriya da Koriya ta Arewa duk sun yi nasu. Masar ta yi tata, wadda aka sani da sunan Maadi. Yugoslabiya ta yi M70 da kanta, daga gare ta kuma Iraƙi ta sami Tabuk. Abin mamaki, har waɗanda ba sa cikin sansanin gurguzu sun ɗauka: Finland ta yi RK 62, Isra'ila ta dubi ta Finland ta yi Galil, Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata kuma ta karɓi lasin Galil ta yi R4. Ke nan a kudancin Afirka sojan gwamnatin wariya da ɗan gwagwarmayar da ke yaƙarsa, bindigogin da ke hannunsu kakansu ɗaya.

Mu ma muna cikin jerin. An kafa masana'antar makamai ta Kaduna, watau DICON, a 1964, da taimakon wani kamfanin Jamus ta Yamma mai suna Fritz Werner, kuma da farko sojojin Nijeriya sun fi dogara da bindigogin Yamma irin su FN ta Beljiyam da G3 ta Jamus. A zamanin mulkin Shugaba Olusegun Obasanjo masana'antar ta fito da nata samfurin na Kalashnikov, aka sa masa suna OBJ-006.

Kyauta da ciniki

Yanzu mun zo ga abin da na fi so a riƙe. Kyawun ƙira kaɗai ba ya baza makami a duniya. FN ta Beljiyam bindiga ce mai kyau, ƙasashe da dama sun saye ta, amma kamfani ne ke sayar da ita don riba, kuma mai son lasin sai ya biya. Kalashnikov kuwa a shekarunta na farko ba hajar kasuwa ba ce, kayan siyasa ce.

Bayan kafa Ƙawancen Waso a 1955, Mosko ta so dukan rundunonin ƙawayenta su riƙa cin harsashi iri ɗaya, don in yaƙi ya tashi a iya ciyar da su daga rumbu ɗaya. Saboda haka ba bindigogi kawai ta ba su ba. Ta ba su zane-zanen ƙira, da injuna, da ƙwararrun da za su koya musu. Duniya ta fara ganin makamin sosai a titunan Budafes a 1956, sa'ad da sojojin Sobiyet suka murƙushe boren mutanen Hangare.

Wanda ya ba ka kifi yana iya dainawa, amma wanda ya ba ka koma ya gama fita batunka. Da Sin da Tarayyar Sobiyet suka ɓata daga 1960, masana'antun Sin ba su tsaya ba. Sai ma ƙasashen biyu suka shiga gasar raba makamai don neman magoya baya. A Rodeshiya, Mosko na bayan ZAPU, Sin na bayan ZANU, kuma duka biyun da Kalashnikov suka yi yaƙi.

Adalci ya wajabta mu faɗi ɗaya gefen. A ƙasashen da Fotugal ta ƙi saki, da waɗanda tsirarun fararen fata suka danne, wannan bindiga ta yi aikin 'yanci. PAIGC a Gini Bisau, MPLA a Angola, FRELIMO a Mozambik da SWAPO a Namibiya duk sun riƙe ta. Shi ya sa hotonta ke kan tutar Mozambik da aka tsayar a 1983, da tambarin Zimbabuwe, kuma ya kasance a kan tambarin Burkina Faso daga 1984, zamanin Thomas Sankara, har zuwa 1997. Amma a Mozambik ɗin nan, yaƙin basasar da ya biyo bayan 'yanci da irin wannan bindiga aka yi shi daga kowane ɓangare, har zuwa sulhun 1992. Daga 1995 sai da majalisar majami'un ƙasar ta shiga karɓar bindigogi tana musanya su da fartanya da keke da keken ɗinki.

Ita kanta Amurka ta zama dillaliya. Lokacin yaƙin Afganistan, daga 1979 zuwa 1989, hukumar leƙen asirinta ta sayi Kalashnikov daga Masar da Sin, ta bi da su ta Fakistan zuwa ga masu yaƙar sojojin Sobiyet. Sojan Rasha ya mutu da bindigar da ƙasarsa ta koya wa wasu ƙerawa.

Da Yaƙin Cacar Baki ya ƙare, kyauta ta koma ciniki. Ƙasashen Gabashin Turai suka wayi gari da rumbuna maƙil da makamai, da masana'antun da ba su da mai saye, da ma'aikatan da ba a biya albashi. Rasha ta yi ta ƙorafin cewa lasisin da aka bayar sun daɗe da ƙarewa, amma ba wanda ya saurare ta. Masana'antar Izhevsk, mahaifar bindigar, ta kai ga karyewa a 2012, aka sake mata tsari a 2013 da sunan Kalashnikov, kuma a 2014 Amurka ta sa mata takunkumi bayan Rasha ta karɓe Kirimiya. Duk da haka an yi manyan cinikayya tsakanin gwamnati da gwamnati. A 2005 Benezuwela ta yi odar AK-103 guda 100,000. A watan Disamba na 2021 Indiya ta sa hannu a kan yarjejeniyar ƙera AK-203 fiye da 600,000 a wata masana'anta da ke jihar Uttar Pradesh.

Masu ƙiyasi suna sa adadin dukan dangin Kalashnikov da aka ƙera tsakanin miliyan 75 da miliyan 100. Don a kwatanta, M16 ba ta wuce kimanin miliyan 8 ba. Shi kuwa mai sunan bai sami la'ada a kan ko guda ba. Lambobin yabo ya samu, da muƙamin janar.

Yadda take kuɓucewa

Kusan kowace bindiga da ke hannun ɗan ta'adda ta fara rayuwarta ne a halal. Masana'anta ta ƙera ta, ta buga mata lamba, wata gwamnati ta saya. To, ina take ɓacewa? Hanyoyin uku ne.

Ta farko, rushewar hukuma. A 1997, da tarzoma ta tashi a Albaniya, jama'a suka fasa rumbunan soja suka kwashe makamai fiye da rabin miliyan, kuma da yawansu sun tsallaka Kosobo. A 2011 haka ta faru a Libiya, inda gwamnatin Gaddafi ta shafe shekara arba'in tana tara makamai. Abin da ya biyo baya a Mali a 2012, da abin da ya gangaro ta hamada zuwa ƙasashenmu, ba sai na ba ku labari ba.

Ta biyu, takardar ƙarya. Duk ƙasar da za ta sayi makamai tana ba da takardar shaida cewa ita ce za ta yi amfani da su, ba za ta miƙa wa wani ba. A watan Maris na 1999 jirgin sama ya sauke tan 68 na makamai daga Yukiren a Wagadugu, cikinsu har da AKM 3,000, da takardar da ke cewa na sojojin Burkina Faso ne. Kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da rahoto a shekarar 2000 cewa cikin 'yan kwanaki aka kwashe su zuwa Laberiya, wadda ke ƙarƙashin takunkumin makamai kuma take taimakon 'yan tawayen Saliyo. A wancan lokaci sojojin Nijeriya suna Saliyo ƙarƙashin rundunar ECOMOG. Takarda guda ce mai hatimi da sa hannu ta buɗe wannan ƙofa.

Ta uku ita ce mafi shiru, watau yoyo daga rumbu da rashin lissafi. Ba matsalar ƙasashe matalauta kaɗai ba ce. A 2007 ofishin binciken kuɗi na gwamnatin Amurka ya ce ba a iya ba da lissafin Kalashnikov kimanin 110,000 da aka raba wa dakarun Iraƙi ba. A gida kuwa, rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce akwai AK-47 fiye da 88,000 na 'yan sanda da ba a iya ba da bayaninsu ba. Ban ce dukansu suna daji ba. Mai yiwuwa wasu suna nan, littafin ne bai nuna ba. Wasu kuma an ƙwace su ne bayan an kashe masu riƙe da su a bakin aiki. Amma rashin sanin shi kansa shi ne cutar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kammalawa

Malam Shugaba, ba a rasa dokoki ba. Ƙasashen ECOWAS sun ayyana dakatar da shigo da ƙananan makamai a Abuja a 1998, suka mai da shi yarjejeniya a 2006, ta fara aiki a 2009. Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar cinikin makamai a 2013, kuma Nijeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ta tabbatar da ita. A 2021 gwamnati ta kafa cibiya ta ƙasa don kula da ƙananan makamai. Sai dai ficewar Mali da Burkina Faso da Nijar daga ECOWAS a watan Janairu na 2025 ta raunana haɗin kan da ake bukata, alhali kuwa iyakar Katsina da Maraɗi tana nan inda take, kuma mai fasa-ƙwauri bai san da zancen ficewa ba.

Yarjejeniya ba ta ƙirga bindiga. Mutum ne ke ƙirgawa. Ga abubuwa uku da nake ganin suna hannun irin mutanen da ke cikin wannan zaure.

Na farko, littafin rumbu. Kowace bindiga tana da lamba da tambarin masana'anta. In an rubuta su, an san wanda ya karɓa da ranar da ya maido, kuma wani dabam ya zo ya ƙirga ba tare da sanarwa ba, to an toshe babbar kafa. Wannan aikin akawu ne da mai binciken kuɗi.

Na biyu, harsashi. Na ce zan komo kansa. Bindigar da aka ƙera a 1960 tana iya yin aiki yau, amma harsashi sau ɗaya ake harba shi. Wanda ke daji yana bukatar sabo kullum, kuma ba ya iya ƙera shi. Ke nan akwai mai kai masa. A gindin kwanso galibi akwai alamar masana'anta da shekara, don haka kwanson da aka tsinta bayan hari shaida ne, in akwai mai tattarawa da mai bin diddigi.

Na uku, abin da aka ƙwace. Bindigar da aka karɓe daga hannun ɗan fashi aka jibge a ɗaki ba lissafi, tana jiran ranar komawa daji ne. A rubuta lambarta, in shari'a ta ƙare a yanka ta a bainar jama'a.

Ban ce waɗannan za su kawo ƙarshen rashin tsaro ba. Talauci, da zalunci, da rikicin ƙasar noma da ta kiwo, su ne ke sa mutum ya nemi makami, kuma kowannensu yana bukatar lacca tasa. Amma rikicin da a dā ake yi da sanda da adaka, a yi jinya a sasanta, shi ne yau ake yi da makamin da ke tashin ƙauye cikin sa'a guda.

Kalashnikov ya rasu a watan Disamba na 2013, yana da shekara 94. Yawancin rayuwarsa yana cewa shi don kare ƙasarsa ya yi aikinsa, laifin na 'yan siyasa ne. Amma a watan Janairu na 2014 wata jaridar Rasha ta buga wasiƙar da ya rubuta wa shugaban cocin Otodoks na ƙasar kafin mutuwarsa, inda yake bayyana damuwar da ke cin ransa, yana tambaya ko alhakin waɗanda bindigarsa ta kashe yana wuyansa. Shi ya yi tambayarsa a ƙarshen rayuwa, lokacin da ba abin da zai iya sakewa. Ku kuwa ɗalibai, wasunku za su zama jami'an kwastan, wasu manyan sakatarori, wasu alƙalai, wasu hafsoshi. Wata rana za a ajiye takarda a gabanku a ce ku sa hannu, ko a ba ku littafi a ce ku tabbatar lissafi ya cika. Ina roƙonku ku karanta kafin ku sa hannu, ku ƙirga kafin ku tabbatar.

 Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.